Kuɗin Tsufa da Kuɗin Asibiti: Jawabi Ga Masu Sana'ar Kansu



Shugabannin kasuwa, da sarakunan sana'a, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, da sauran jama'a duka, na gode muku da kuka bar rumfunanku da rana tsaka kuka zo. Na san ko wane ɗayanku ya bar ciniki ne a baya, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Maganar da ta tara mu ita ce ta mutumin da ba shi da albashi, tela ne ko maƙeri, ko mahauci, ko direban keke mai ƙafa uku, ko mai ƙosai, wanda ya shiga shirin tanadin fansho ko na taimakekeniyar lafiya da kyakkyawar niyya, sa'an nan yau ya wayi gari zubin ya gagare shi. Waɗansu sun zo sun tambaye mu ko za a ci su tara. Waɗansu kuwa ba su tambayi kowa ba, sun daina zubi kurum, sun ɗauka abin da suka zuba a baya ya bi ruwa. Waɗannan na biyun su ne suka fi ba ni tausayi, don kuwa hasarar da su ke zato sun yi ba su yi ta ba tukuna.

Bari in ɗan koma baya, don mu san inda abin ya samo asali. A zamanin kakanninmu gandu shi ne fanshon tsoho. In ƙarfinsa ya ƙare 'ya'ya su yi noma, a ɗebo masa daga rumbu. Da aikin albashi ya yawaita, mutane suka bar ƙauyuka suka taru a Kano da Kaduna da Jos, sai Gwamnati ta ga lalle a yi wa ma'aikaci wani rumbu na dabam. A shekarar 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni. A 1993 aka maye gurbinsa da hukumar da a ke kira NSITF. A 2004 aka yi dokar fansho sabuwa, wadda ta ce ko wane ma'aikaci ya sami asusu nasa na kansa, da sunansa da lambarsa, aka kuma kafa hukumar PenCom ta riƙa sa ido. Duk waɗannan kuwa mai albashi aka yi wa. Sai a dokar 2014 aka buɗe ƙofa ga mai sana'ar kansa, kuma ba a fara aiki da ita sosai ba sai a watan Maris na 2019, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho. Alhali kuwa, bisa ga ƙidayar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2024, cikin 'yan Nijeriya ɗari masu aiki fiye da tamanin kansu su ke yi wa aiki. Ashe mafi yawan jama'a su ne aka tuna da su daga ƙarshe.

To, kada wanda zubi ya gagara ya ga kamar shi ne malalaci. Nauyin da ya ɗauka ya fi na ma'aikaci. Ku duba. Dokar 2014 ta ce a yanke wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100 na albashinsa, maigidansa kuma ya ƙara kashi 10. In an yi lissafin a kan Naira 70,000, watau albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a 2024, za a yanke masa 5,600, a ƙara masa 7,000, asusunsa ya sami 12,600 ko wane wata, shi kuwa bai ko ga kuɗin ba balle ya yi marmarinsu. Tela fa? Ba mai ƙara masa ko kwabo. Shi ne ma'aikaci, shi ne maigida, kuma sai kuɗin sun shiga aljihunsa, ya ji ɗuminsu, ya tuna da cefane da kuɗin makaranta, sa'an nan a ce ya fid da su da hannunsa. Ga shi samunsa ba ya tafiya daidai. Gab da Salla ba ya barci don aiki, bayan Salla sai ya wuni yana korar ƙuda. Manomi sai da kaka. Magini damina ta kan tsai da shi. Daɗa tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo, litar man da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a Disamban wannan shekara. Wanda ya ɗauki alkawarin zubi a 2021 da kasuwar 2021 ya yi lissafi.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi gida. Kuɗin nan iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Asusun fansho yana jiran mai shi. Katin asibiti ba ya jira. Mutane da yawa in hannu ya yi ƙunci su kan bar su duka biyu gaba ɗaya, ko kuwa su riƙe wanda ya kamata su sassauta, su saki wanda ya kamata su riƙe.

Mu fara da fansho. Ga mai sana'ar kansa shiga shirin nan ganin dama ne, ba tilas ba. Ba haraji ba ne. Ba mai cin ka tara don ka tsallake wata, ba kuma bashin da zai taru a kanka. Lambar da aka ba ka ranar rajista taka ce har iyakar ranka, abin da ka zuba yana nan da sunanka, ana juya shi, ko ka zuba sabo ko ba ka zuba ba. Kamfanin da ka yi rajista da shi ma ba shi ne ke riƙe da kuɗin ba. Doka ta raba aikin gida biyu: kamfani ɗaya ke tsara yadda za a juya kuɗin, wani dabam, watau ma'aji, shi ke ajiye su, don kada a bar kura da tsaron akuya. Har wa yau doka ta kare kuɗin fansho, in kamfanin ya karye masu binsa bashi ba su da ikon taɓa su.

Tun da haka ne, hanya ta fari ita ce ragewa. An tsara shirin ne yadda mutum zai zuba kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko sa'ad da ya samu. A ce da can kana zuba Naira 200 ko wace rana, kwana shida a mako. A mako 1,200 ke nan, a shekara 62,400. Yau abin ya fi ƙarfinka. To, mai da shi 500 a mako, ranar da kasuwarku ke ci. A shekara ka tara 26,000. In wannan ma ya yi nauyi, bi lokacinka: tela ya zuba abu mai kauri bayan ɗinkin Salla ƙarama da na Salla babba, manomi ya zuba sau ɗaya in ya sayar da waken soya ko riɗi, ya huta sauran watanni. Abin da na ke roƙonku kurum shi ne kada shekara ta fita fit ba ku jefa kome ba. Dalilina ba na doka kaɗai ba ne, na halin ɗan Adam ne. Wanda ya yi shekara bai leƙa asusunsa ba ya kan manta lambar, ya sake layin waya, saƙon kamfani ya daina iso masa, bayan shekara goma shi da kansa ba ya iya faɗin inda kuɗinsa su ke.

Hanya ta biyu mutane da yawa ba su san da ita ba. Ba duk abin da ka zuba a ke kullewa sai tsufa ba. Ƙa'idar da aka fara da ita a 2019 ta raba ko wane zubi gida biyu, kashi 60 na tsufa, wanda ba a taɓawa sai mutum ya cika shekara 50 ko lafiya ta hana shi aiki, da kashi 40 na ko-ta-kwana, wanda mutum ke iya ɗiba bayan wata uku da zubin farko. Bisa ga wannan ƙa'ida ta 2019, mai Naira 200 ɗin nan da muka ambata, cikin 62,400 da ya tara a shekara, 24,960 suna hannunsa in bukata ta taso, 37,440 kuwa suna jiran furfura. A 2025 hukumar PenCom ta yi wa shirin kwaskwarima, ta sake masa suna ya zama fanshon mutum na kansa, ta kuma faɗaɗa shi, amma har yanzu ana raba zubi gida biyu, sai dai kason ko wane gida ya sake. Saboda haka in ka je kamfaninka, tambaya ta fari da za ka yi ita ce, nawa ne a ɓangarena na ko-ta-kwana yau? Su ba ka a rubuce.

Amma fa a yi hattara da wannan ƙofa. An yi ta ne don ranar da keken ɗinki ya lalace, ko injin babur ya buga, ko gobara ta ci rumfa, watau ranar da in ba a sami kuɗi ba sana'ar kanta za ta tsaya. Wanda ya ɗiba ya gyara abin sana'arsa ya yi daidai, don daga nan zubin gobe zai fito. Wanda ya ɗiba don anko ko don gudummawar biki, ni dai ban ga ribar da ya ci ba. Ba na zargin kowa, na san nauyin zumunci a ƙasarmu, amma biki ba ya ƙarewa.

Akwai kuma waɗanda a da ma'aikata ne, a masaƙa ko a banki ko a wani kamfani, aiki ya ƙare suka kama sana'a. Ku ma asusunku na da yana nan. Doka ta ce wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da ikon karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke ciki. Mutane da yawa da wannan suka ja jari. In kuwa kamfanin da ke kula da asusunka yana yi maka wasa da hankali, ba ya aiko maka da bayani, tun daga Nuwamban 2020 an ba ka ikon ƙaura zuwa wani, sau ɗaya a shekara, da kuɗinka duka.

Na san akwai mai cewa a zuciyarsa, “Malam, ka yi ta zuba mana lissafi, amma Naira 26,000 ta yau me za ta saya bayan shekara ashirin? Gara in sayi tunkiya.” Wannan magana ba ta banza ba ce, ba kuwa zan rufe ku ba. An yi shekaru, 2023 da 2024 na cikinsu, da ƙaruwar da kuɗin fansho suka yi ba ta kamo tashin farashi ba. Tunkiya kuwa tana haihuwa, kuɗinta na tashi tare da na hatsi. Ban ce kowa ya sayar da tumakinsa ya kawo mana ba. Sai dai ku tuna abu uku ke bin tunkiya: ciwo, da ɓarawo, da ɗan'uwa mai bukata. Na biyun nan mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato sun fi ni sanin zafinsa a shekarun nan, garke guda ya kan tafi a dare ɗaya. Na ukun kuwa ya fi kowa cin dabba, don duk wanda ya shigo gidanka yana ganinta a turke, ba ka da bakin cewa babu. Amfanin asusu shi ne ba ya cikin turke. Mai hankali ya kan raba ƙafa, wani abu a turke, wani abu a asusu.

Waɗansu kuma abin da ya tsai da su tsoron kuɗin ruwa ne, ba rashi ba. A 2021 hukumar PenCom ta fid da wani rukuni na asusu wanda ba a juya shi da ruwa, sai ta hanyoyin da Shari'a ta yarda da su, kamar takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi, har da wani sashe na hanyar Kano zuwa Maiduguri. Mai wannan damuwa ya faɗa wa kamfaninsa a fili, ya nemi a gaya masa inda a ke sa kuɗinsa, da yadda za a mai da su inda hankalinsa zai kwanta.

To, mu juya ga katin asibiti, inda maganar ta fi tsanani. Nan ba ajiya ka ke yi ba. Karo-karo ne: jama'a da yawa su zuba, wanda ciwo ya kama a cikin shekarar a yi masa magani da kuɗin kowa. In shekararka ta cika ba ka sabunta ba, sunanka ya fita daga takardar asibiti, abin da ka biya bara kuwa ya riga ya yi aikinsa a jikin wani. Ranar da matarka ta tashi haihuwa, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, sai ka biya daga aljihu kamar wanda bai taɓa shiga ba. In ka komo daga baya ma a kan sa sabon shiga ya yi kwanakin jira kafin katinsa ya fara aiki, don kada mutane su riƙa zuwa sai ranar da ciwo ya kwantar da su. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa wajen magani daga aljihun majinyata su ke fita, kuma kun sani, kun gani a unguwanninku, aikin tiyata ɗaya ya isa ya cinye jarin shekara biyar. Don haka in abin da ke hannunka ba zai isa duka biyu ba, biya na asibiti, fansho ya jira.

Dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022, wadda ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohuwar hukumar inshorar lafiya, ta wajabta wa kowa shiga wani shiri na lafiya. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Kano ta yi tata dokar a 2016, Kaduna a 2018, sauran ma sun bi. Ko wace hukuma da nata farashi da nata sharuɗɗa, farashin kuma yana motsi. Shirin Tarayya na ƙungiyoyi da iyalai, da aka buɗe a 2020, ya fara ne da Naira 15,000 a kan mutum ɗaya a shekara, an kuwa ƙara tun daga lokacin. Kada ku dogara da abin da maƙwabci ya biya bara. Ku je ofishin, ku tambayi na bana, ku kuma tambaya ko suna karɓa kashi-kashi.

Abin da ke karya mutane a nan shi ne kuɗin su kan zo a dunƙule. Maganinsa kuwa yana hannunku tun kaka da kakanni, watau adashi. Ga misali. A ce kuɗin shekara Naira 24,000 ne. Mutum goma sha biyu 'yan layi ɗaya a kasuwa su haɗu, kowa ya zuba 2,000 a wata. Ko wane wata an tara na mutum ɗaya ke nan cif. Sai dai kada a yi kwasa da ƙuri'a ko da girma. A jera sunaye bisa ga watan da katin kowa zai mutu, wanda nasa ya fi kusa shi ne farko. Kuma kada a danƙa wa mai kwasa kuɗin a hannu. Uwar adashi, ko sakataren ƙungiya, ya je da shi a biya, a kawo rasit a nuna wa sauran. Naira 2,000 a wata ba ta kai 70 a rana ba. Ƙungiyoyinku na teloli da mahauta da direbobi, da jam'iyyun gama kai, suna iya yin fiye da haka, su shigar da 'ya'yansu a dunƙule, don hukuma ta fi sauraron mutum ɗari da suka zo da takarda ɗaya bisa ga mutum ɗaya da ya zo shi kaɗai.

In gida babba ne, kuɗin kuwa ba za su rufe kowa ba, a fara da mai ciki, da ƙananan yara, da mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, kamar hawan jini ko ciwon sukari. Sa'an nan kada maigida ya manta da kansa don kara, gama in ya kwanta gidan duka ya kwanta.

Akwai kuma wanda ko adashin ba zai iya ba. Shi ma doka ba ta bar shi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba domin kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. Da wani kaso na kuɗin nan ne hukumomin jihohi ke yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a ƙananan asibitocin mazaɓu. Dokar 2022 kuma ta ambaci waɗanda za a tallafa wa: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Gaskiya guraben ba su kai yawan mabukata ba, ba kuwa zan yi wa kowa alkawarin zai samu ba. Amma wanda bai kai sunansa ba ya riga ya fid da kansa. A tambayi mai unguwa, da shugaban asibitin mazaɓa, yaushe a ke ɗaukar sunaye. Ba bara ba ne, kuɗin jama'a ne aka ware don haka. Attajiranmu kuma, da ke nan gaba a zaune, shirin ya yarda mutum ya biya wa wani. Mai raba atamfa da buhun shinkafa da azumi ya duba ko zai ɗauki katin gida biyar a unguwarsu.

Abu biyu zan hana ku. Kada wanda ya ci bashi mai ruwa don ya yi zubin fansho, musamman bashin nan na wayar hannu da a ke bayarwa cikin minti biyar. Ruwan da za su ɗora maka a wata ɗaya ya kan fi abin da asusunka zai ƙaru da shi nesa ba kusa ba, in ka makara kuma su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka. Na biyu, kada ku ba kowa kuɗi a hannu don ya ce shi wakili ne, ko da ya zo da riga mai tambari. Ku biya ta banki ko ta hanyar da kamfanin ya bayyana, ku jira saƙo ya shigo wayarku. In kwanaki sun wuce bai shigo ba, ku je ofis da rasit ɗinku. In ba a saurare ku ba, hukumar PenCom tana karɓar ƙara.

Saura magana ɗaya, ta magada. Kuɗin fansho in mai su ya rasu ba su zama na kamfani ba, ba su zama na Gwamnati ba, na magadansa ne, bayan sun kawo takardun da doka ta nema. Amma magada ba su neman abin da ba su san da shi ba. Yau da dare kowa ya rubuta sunan kamfaninsa da lambar asusunsa a takarda, ya ba matarsa ko babban ɗansa, ko ya sa a inda ya ke ajiye takardar gida.

Wanda zai je gyara asusunsa ko sabunta katinsa ya tafi da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, da lambar asusun ko tsohon katin, da layin wayar da ya yi rajista da shi. In layin ya ɓace ya faɗa tun a bakin teburi, don a sake masa kafin a taɓa kome. Yanzu kuma mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata da ke can baya, don na ga sun fi kowa nisa da gida.